Jan Farce a Kan Notin Famfo

Lelya Zdravka, wato Goggo Zdravka, yayar mahaifina, ita ce ta watsa mini ruwa a bakin ƙofa ranar da zan rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ta cika kwanon tagulla, ta tsinka ganyen zdravets, tsiron nan mai ƙamshi na fatan alheri, ta jefa a ciki, ta sheƙa shi a kan dakali, ta ce in taka da ƙafar dama don tafiyar ta gudana kamar ruwan. Na taka. Sai na tsaya ina tunanin anya ƙafar damar ce na sa, na koma baya na sake takawa.

"Bilyana, in kika sake komawa sai na juye miki sauran a ka," in ji Lelya. "Wuce."

Jarrabawar a birnin Plovdiv ake yin ta, sau ɗaya a shekara, kuma idan aka rufe ƙofar zauren to sai baɗi. Adabi zan karanta. Bas ba ta hawowa ƙauyenmu sai ranar kasuwa, don haka Tate, mahaifina, shi zai sauke ni da tsohuwar farar motarsa ta kaya. Ni na dage mu tashi tun gari bai gama wayewa ba. Lelya ta yi ta dariya, wai za mu isa kafin mai gadi ya sha kofi. Ni dai haka nake: komai sai na bar masa rarar lokaci, sannan in zauna ina jin tsoron rarar ba ta isa ba.

Sai na faɗi wani abu a kan Tate kafin in ci gaba, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba.

Sunansa Trifon. Duk taraktocin kwarinmu da motocin masu ɗaukar katako garejinsa suke zuwa, musamman idan famfon mai ne ya ɓaci. Shi ke saita taimin, wato daidai lokacin da famfon zai watsa dizal a cikin injin. Idan ya watsa da wuri, injin ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Idan ya makara, sai kasala da farin hayaƙi mai yaji a ido. Akwai alama da ake bi, amma ƙarshen aikin da kunne ake yin sa. Kunnen Tate kuwa ya daɗe yana mutuwa. Magana yana kama ta idan an ɗaga murya, ko idan yana kallon bakin mutum, amma siririn bambancin nan na cikin ƙarar inji ya tafi.

Ni ce kunnensa. Tun ina aji na tara nake zama a kan akwatin katako a kusurwar gareji da littafi a hannu, kamar mai neman inuwa kawai. Idan ya tayar da inji sai ya ɗan waigo. In na kife littafin a cinyata, ya yi wuri. In na rufe shi, ya makara. In na buɗe sabon shafi, ya zauna. Daga nan ya dafa motar da tafin hannu, ya lumshe ido, ya ce wa mai ita, "Ka ji ta? Yanzu ta dawo hayyacinta." Bayan mutumin ya tafi sai ya tambaye ni, "Yaya take?" Ni kuma in kwatanta masa da baki, yana kallon leɓena yana murmushi. Ba mu taɓa gaya wa kowa ba. Ni a lokacin gani nake babu abin da na mallaka da ya kai wannan sirrin daraja.

Yana da wata al'ada kuma. Duk famfon da ya saita, sai ya ja layi ɗaya da bakin ƙarfe mai kaifi daga jikin famfon zuwa jikin injin, sannan ya ɗiga jan farce a kan notoci ukun da ke riƙe shi. Idan mai motar ya je ya taɓa da kansa, ya dawo yana rantsuwar bai taɓa ba, Tate sai ya nuna masa inda fentin ya tsage. Kwalbar Mama yake amfani da ita, wadda ta bari lokacin da ta tafi Italiya aikin kula da tsofaffi. Ja ce kamar barkono. Ta ƙare mana ana saura mako guda jarrabawata, na je shagon ƙauye ban samu ja ba, na sayo ruwan hoda mai ƙyalli. Tate ya juya kwalbar a hannunsa ya ce masu katako za su kashe shi da tsiya.

To, a safiyar nan na shiga mota da jakata a cinya. Banitsar da Lelya ta naɗe mini a takarda, wato gashin fulawa mai cuku a ciki, tana ƙona mini gwiwa. Tate ya jira fitilar ɗumama injin ta mutu, ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Farin hayaƙi ya taso daga baya ya lulluɓe tsakar gida.

Ya sake murzawa. Haka dai.

"Iska ce ta shiga layin mai," in ji shi. "Sauko ki danna mini."

Na sauko cikin farar rigata ta jarrabawa. Ya kwance 'yar ƙusar da ke kan filta, ni kuma na yi ta danna famfon hannu. Dizal ya fito sumul, babu kumfa ko ɗaya.

"Tate, babu iska."

"Ci gaba. Wani lokaci can ciki take ɓuya."

Na ci gaba har babban yatsana ya yi sanyi. Rana ta fara taɓa kan dutsen da ke bayan coci. Ya ce to filta ce ta toshe, ya tafi gareji neman sabuwa. Na san inda take, shi ma ya sani, kan kanta ta biyu bayan gwangwanin giris. Amma ina jin sa yana ta jan akwatuna.

Hayaƙin ne ya fito da maƙwabcinmu Bai Nedyalko (a wurinmu "Bai" laƙabin girmama dattijo ne). Ya jingina da shinge cikin singileti, da kofin kofi a hannu.

"Zdravka, me kike ƙonawa da sassafe? Ko wani mijin kika samu kina masa girki?"

"Kai nake turarawa, ko ƙudan da ke binka za su ragu."

"Au, motar likitan injuna ce ta kwanta? Bilyana, 'yata, kar ki damu, ga jakina nan. Shi ba ya shan dizal. In kun tashi yanzu za ku shiga Plovdiv kafin Kirsimeti."

Na yi ƙoƙarin yin dariya, bakina ya ƙi. Ina ta maimaita sunayen marubuta da shekarunsu a raina don kada in yi kuka, sai suka fara cakuɗewa.

Tate ya dawo da filtar. Ya cika ta da mai, ya shafa wa robarta mai da yatsa, ya ɗaura a hankali. Ina kallon hannunsa sai wani abu ya tsaya mini a rai. Tate ba ya gyaran mota bai zage ta ba. Yana zagin uwarta, da wanda ya ƙera ta, da ƙasar da aka ƙera ta. Yau ko kalma ɗaya. Kuma da ya koma ya murza makulli, bai waigo ya dube ni ba.

Na saurara duk da haka. Injin ya kama na ɗan lokaci, yana rawa, kafin ya mutu. Ƙarar ta fito laɓo-laɓo, babu wannan ƙas-ƙas ɗin mai kaifi da dizal mai lafiya ke yi idan yana sanyi. Na san wannan muryar. Na sha rufe mata littafi.

Na je gabansa inda zai ga bakina. "Tate, taimin ne. Ya makara sosai."

"Ruwa ne a tanki," ya ce. "Sai mun sauke shi."

"Sauke tanki? Yanzu?" Lelya ta dafe ƙirji. "Trifon, ka san ƙarfe nawa?"

"Tate, na ji shi. Ya makara."

"Taimin ba ya gusawa da kansa, yarinya. Ke ma kin sani. Tun kakar bara na saita shi, kina zaune. Ɗauko mini bokiti."

Gaskiya ya faɗa, ba ya gusawa da kansa. Na juya zan ɗauko bokitin, don ni ba mai musu ba ce, ko a makaranta in malami ya yi kuskure shiru nake yi in gyara a littafina. Amma ƙafata ba ta kai ni gareji ba. Na zagaya ɗaya gefen, na leƙa ƙarƙashin bututan ƙarfen nan huɗu da ke tafiya daga famfo zuwa nozul, wato bakunan da ke fesa mai a cikin injin.

Layin da Tate ya ja ya rabu biyu. Rabin da ke jikin famfo ya gusa daga rabin da ke jikin injin da faɗin ɗan yatsa. Notocin uku an goge su tas a tsakiyar baƙin maiƙo. A kan kowanne akwai ɗigon jan farce, sabo, bai tsage ba, yana ƙyalli. Ruwan hoda.

Na daɗe a sunkuye. Abin da ya fara zuwa mini, kuma ina jin kunyar faɗa, shi ne neman yadda za a yi ya zama ba haka ba. Ko wani ne ya shigo. Ko na manta launin. Amma kwalbar ruwan hoda kwananta nawa a gidan, kuma wane ɓarawo ne zai kwance famfo sannan ya tsaya ya yi masa ado? Hannun Tate ne. Ya gama ɗaure notin, hannun ya miƙa ya ɗauko kwalba kamar yadda ya saba, bai ko tambayi kansa ba.

"Me kika gani?" in ji Lelya.

Na miƙe. Gaban rigata ya riga ya yi baƙi. Na kamo hannun rigar Tate, na ja shi, na nuna masa. Na ɗora yatsana a kan fentin. Haka shi ma yake wa masu katako.

Ya dubi notocin. Ya ciro tsumma daga aljihu ya shiga goge hannunsa, yatsa bayan yatsa.

"Jiya da rana," na ce, "da ka aike ni in kawo wa Lelya tumatir daga gona."

Ya matso kusa da ni ya sunkuyo, kamar mai raɗa. Sai dai Tate ya daɗe bai san girman muryarsa ba. Abin da yake zaton raɗa ne, har bayan shinge ana ji.

"Shekara ɗaya kawai, Bilyana. Baɗi da kaina zan kai ki. Ki bari in samu wani yaro in koya masa. In kika tafi yanzu, wa zai kawo injinsa wurin kurma? Uwarki ta tafi. Ke ma ki tafi?"

"Ka tambaye ni?"

"Me?"

"Ka tambaye ni?" Na ɗaga murya har ta fashe. "Da ka ce in zauna, wataƙila da na zauna! Kai ka san da na zauna! Ka bar ni ina karatu har idona na ciwo, kana kawo mini shayi. Jiya ka goge mini takalmi. Ka tsaya nan kana kallo Lelya na zuba mini ruwa."

"Trifon," in ji Lelya, a hankali ƙwarai. Ban taɓa jin ta yi magana a hankali ba. "Allah ya sa uwarmu ba ta ganin ka."

Bai Nedyalko ya ɗora kofinsa a kan gungumen shinge. Ya yi gyaran murya.

"Kai, Trifon. Dube ni nan, dubi bakina. Wane sirri? Duk kwarin nan wa bai sani ba? Tun bara waccan. Kana tsammanin makafi ne mu, yarinya na kife littafi kana juya famfo? Har caca muke yi a shagon Penka kan ko za ta kife ko za ta rufe."

Tate ya tsaya da tsumma a hannu.

"Ba wanda ya ce maka komai don ba ka tambaya ba," in ji Bai Nedyalko. "Kuma hannunka ai bai kurmance ba. To amma wannan..." Ya dubi motar, ya dube ni, ya ɗauki kofinsa, bai ƙarasa ba.

Ban san me ya fi yi mini ciwo ba a lokacin. Shekarun nan duk ina ɗauke da abin kamar ƙwai a aljihu, ban gaya wa ko ƙawata ba, ban je yawon makaranta na bakin teku ba saboda lokacin girbi ne gareji na cike. Ashe abin caca ne a shagon Penka. Kuma saboda shi aka kwance mini mota.

Na shiga gareji na ɗauko sifana mai lamba sha uku da doguwar nan mai lanƙwasa da ake kai wa notin ƙasa. Ban taɓa saita famfo da hannuna ba, kallo kawai na sha yi. Na dawo wurin motar na sunkuya. Na sassauta bututan nan huɗu kaɗan don kada su lanƙwashe, na sassauta notocin. Fentin ya tsage, ƙananan ɓawon ruwan hoda suka manne mini a yatsa. Na kama famfon da hannu biyu na tura. Ya ƙi. Na sake turawa da dukan ƙarfina, ya wuce layin. Na dawo da shi, ya sake wucewa.

"Da tafin hannu," in ji Tate daga bayana. "Bubbuga shi kaɗan-kaɗan."

Ban waiwaya ba. Amma na bubbuga, don haka ne daidai. Rabin layi ya zo ya haɗu da rabin layi. Na ɗaure notoci, na ɗaure bututai.

"Wa zai tuƙa?" na tambayi Lelya. Ni iyakata zagaya tsakar gida.

Ta riga ta kwance ƙyallen girkin da ta ɗaura a gaba ta rataye a ƙofa. "Wa ya yi shekaru yana sauke madarar ƙungiyar manoma daga dutsen nan, cikin ƙanƙara? Lasina na cikin jaka. Hoton ne kawai ya tsufa."

"Wayyo mutanen Plovdiv," in ji Bai Nedyalko. "A kaɗa musu ƙararrawa su kwashe yara daga titi."

Lelya ta hau ta murza makulli. Injin ya juya, ya yi tari, ya juya, sannan ya kama. Hayaƙin ya yi fari, ya yi toka-toka, ya washe. Ga ƙas-ƙas ɗin nan ya dawo. Ya ɗan fi yadda nake so kaifi, kamar an wuce da gashi ɗaya, amma zai kai mu.

Tate ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan motar. Ya lumshe ido. Da ya buɗe sai ya waigo ya dube ni, irin waigen nan na kullum.

"Yaya take?" ya ce.

Na rufe bonet. Na ɗauki jakata daga ƙasa na shiga mota.

Ruwan da Lelya ta zuba ya daɗe da bushewa, sai ganyen kawai a manne da dakali. Muna fita ƙofar gida na hango Tate a madubin gefe, ya ɗauki kwanon tagullar ya nufi famfon tsakar gida da sauri. Ya fito titi ya watsa ruwan a bayanmu, a kan sawun taya. Lelya ta gani, ta dube ni. Na ce ta kula da kwanar gaba.

Muka sauka daga dutse. A nan ta ce in ci banitsar, na ce ba na jin yunwa, ta ce ba tambayata ta yi ba. Na ci. Ɗanɗanon dizal ne da cuku.

Mun isa matar da ke duba sunaye ta riga ta cire abin da ya tokare ƙofar zauren. Ta dubi rigata, ta dubi hannuwana, ta tambaya ko haɗari muka yi. Na ce a'a, daga gida nake. Duk takardar da na taɓa a ranar sai da na bar mata baƙin yatsa a gefe, na yi ta fargabar za su ce alama ce na yi wa mai dubawa su soke ni. Ba su soke ba.

Yanzu a Plovdiv nake, ɗaki ɗaya da wata yarinya mai karanta ilmin magunguna. Lelya ta ce har yanzu ana kawo wa Tate aiki. Masu motar ne ke tsaya masa, su saurara su faɗa masa da ƙarfi, wani ya ce ya yi wuri wani ya ce ya makara, a yi ta gardama har a aika a sayo giya. Ta ce ya rame. Ta ce in ya ga an buga waya yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon bakinta.

Na je gida hutun hunturu. Na gaishe shi, na ci abinci tare da shi, na ba shi safar hannun da na sayo masa. Washegari da hantsi ina kicin ina karatu, na ji ya tayar da wata tarakta a gareji. Ta makara, tun daga nan ina ji. Ya bar ta tana aiki ya daɗe, fiye da yadda ake buƙata. Ta taga ina hango akwatin katakon a kusurwarsa, an share masa ƙura, har an ɗora masa matashi.

Lelya na yanka kabeji, ba ta ɗago ba. "Ba za ki leƙa ba?"

Na ce akwai sanyi a waje. Na ja kujerata kusa da murhu, na riƙe littafin a buɗe yadda yake.